Wa za a kira a binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta waya?

Malama, kin tambaya ko ki sa kwamfuta ta haɗa lambobi ki yi ta kira, ko ki nemi jerin marasa lafiya daga asibiti, don gano bukatun mutanen Kaduna kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Duka biyun da gyara.

Lambar waya a Najeriya ba ta nuna gari. Mai 0803 yana iya zama a Kawo, yana iya zama a Fatakwal. Kati zai ƙare kina tambayar "a Kaduna kake?", masu ɗauka kuma yawanci maza ne 'yan birni. Ga mai layi uku, wanda damar shigowarsa ta ninka ta mai layi ɗaya sau uku. Jerin asibiti kuwa, ko na asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ne, waɗanda suka riga suka nemi magani kaɗai zai nuna miki. Masu zuwa wajen mai ruƙiya ko fasto ba sa ciki, balle masu haɗiye damuwarsu a ɗaki. Ba a ma zo kan dokar kare bayanai ta 2023 ba.

Ki fara da ƙafa, waya ta biyo baya. Jihar na da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. Ki raba su shiyya uku, ki zaɓi mazaɓu 40 da ƙuri'a gwargwadon yawan jama'a, gida 25 a kowace. Ga lissafin: mutum 384 ke ba da sakamakon da kuskurensa ba zai cika wuce kashi 5 cikin 100 ba, a ninka biyu don amsoshin 'yan unguwa ɗaya kan yi kama, a ƙara na waɗanda ba za a samu ba, ya kai 1,000.

A kowane gida a rubuta duk wanda ya kai shekara 18, a jefa ƙuri'a, a karɓi lambarsa da yardarsa. Kada a bi dabarar ranar haihuwa, wato zaɓar wanda ranar haihuwarsa ta fi kusa, da yawa ba su riƙe tasu ba, sai maigida ya ce shi ne. In ƙuri'a ta faɗa kan matar da wayar mijinta take amfani da ita, a tsayar da lokaci, mace ce za ta kira, ta fara da "ke kaɗai ce a wurin?" In wayar na kan sifika, a ɗage.

A gwada lamba sau biyar, ranaku daban-daban, kafin a cire ta. Bayan la'asar ya fi, musamman da damina. Ban da lokacin Juma'a da safiyar Lahadi.

In da PHQ-9 za ki yi aiki, wato jerin tambayoyi tara na auna ciwon damuwa, tambaya ta tara kan tunanin kashe kai ce. Kada a fara kira sai an tanadi ma'aikacin lafiyar da za a haɗa mutum da shi nan take.