Ga 'yata mai shirin zuwa karatu Ingila: batun asibiti da cututtuka

'Yata, saƙonki ya same ni, kuma shi ne irin wanda nake yawan samu daga Sakkwato duk lokacin da aka fara rabon gurbin karatu: kina so in rubuto miki jerin sunayen cututtuka da Turanci domin ki haddace kafin ki taso. Ba zan rubuto ba, saboda wannan yana cikin kowane ƙamus, kuma shi ne mafi sauƙi a cikin abin da ke gabanki. Yawancin sunayen daga Girkanci da Latin suka fito, idan kin gane cewa wanda duk ya ƙare da "itis" kumburi yake nufi, na hanta ne ko na gaɓoɓi, sauran za ki tsince su a hankali.

Abin da ke kayar da mutanenmu a nan shi ne shiga wurin likita da sunan ciwo a baki. A gida mutum yakan ce shawara ke damunsa, ko basir, ko sanyi, ko olsa, ko taifot, mai kemis ya miƙo magani a wuce wurin. Likitan unguwa a nan kusan minti 10 yake ba kowa, kuma abin da yake so ya ji shi ne ina ne ke ciwo, tun yaushe, suka yake yi ko zugi ko ƙuna, me ke tayar da shi, akwai zazzaɓi ko amai ko jini. Ina aikin jinya a ƙasar nan, na sha ganin ɗan'uwanmu ya ɓata rabin lokacinsa yana neman yadda zai fassara shawara, alhali da ya ce idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, da tuni an tura shi awon hanta da na jini. Launin rawayan alama ce kawai, a ƙarƙashinta ana iya samun ciwon hanta nau'in B, ko tsakuwa a matsarmama, ko sikila, kuma kowanne hanyarsa daban.

Saboda haka kafin ki bar gida, ki je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wani da kika yarda da shi a yi miki awo, a ba ki sakamakon a rubuce. Ki san ko jininki AA ne, AS ne ko SS, wato awon sikila. Ki san matsayinki game da ciwon hanta. A gwada miki hawan jini, ki riƙe cewa wajen 120/80 shi ne daidai, idan kuma ya zauna a 140/90 ko sama, akwai magana ko da ba ki jin komai, domin ciwon da ya shanye wa dattawanmu da yawa ɓarin jiki bai taɓa yi musu sallama ba. Na san a danginmu akwai ciwon suga, kuma za a tambaye ki wannan, don haka ki zauna da mahaifinki ya faɗa miki wa da wa suka yi shi. Gwajin tarin fuka dole ne ga wanda zai wuce wata 6, kuma ba a karɓarsa sai daga asibitocin da hukumomin Birtaniya suka amince da su, irin na Abuja da Legas.

Batun sikila nake so ki fi kula da shi, ko ba don kanki ba, don wanda za ki zauna da shi. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, sanyin nan kuwa ba irin hunturunmu ba ne da rana ke fitowa da hantsi ta gasa mutum. Na taɓa raka wata ɗaliba 'yar ƙasarmu sashen gaggawa cikin dare, tana murƙususu, kafaɗunta da ƙugunta kamar ana sara, aka bar ta a kujera ana kallonta da zargin cewa ƙwaya take nema, don kawai ta ambaci sunan maganin da ta saba sha. Har yau abin yana ci mini rai. Sai da na nuna katin aikina na yi magana da babbar murya sannan aka ɗauki jininta. Da tana ɗauke da takardar likitanta ta gida, da ba a kai ga haka ba.

Ki cire rai da sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kanti, ba a bayarwa sai likita ko wani ma'aikacin lafiya mai izini ya duba mutum ya amince, ƙarin ruwa da allura kuma ba abin da ake yi don mutum ya roƙa ba ne. Kada ki yarda wani ya ba ki saƙon Tramadol ki sa a jaka, magani ne da doka ta ƙayyade, yana iya jawo miki abin da zai raba ki da karatun. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza ya kai fam 776 a shekara ga ɗalibi tun 2024, amma biyansa bai sa an san da ke ba sai kin yi rajista da likitan unguwa, kuma ki yi ta a makon farko kina da lafiyarki. Lambar gaggawa 999 ce, ta neman shawara kuma 111. Ki tambaye su rigakafin sanƙarau da ake yi wa sababbin ɗaliban jami'a 'yan ƙasa da shekara 25. Ke da kika ga abin da ya yi a Zamfara da Sakkwato a 2017 ba sai na yi miki bayani ba. Ki riƙa shan sinadarin bitamin D maikurogiram 10 kullum, domin baƙar fata ba ta samun isasshe daga ranar nan, rashinsa kuma yana kawo ciwon ƙashi da kasala.

Saura zazzaɓin cizon sauro. Babu shi a nan, shi ya sa likitoci da yawa ba ya zuwa musu a rai, kuma na yi alfahari ranar da nacina ya sa aka gwada wani bawan Allah da ake shirin sallama da sunan mura, aka same shi da shi. Idan kin daɗe a nan jikinki zai rage juriyar da ya saba da ita, don haka duk hutun da kika je gida ki sha maganin kariya, ki kwana cikin gidan sauro, idan kuma zazzaɓi ya kama ki bayan kin dawo, ko da wata nawa ne, abu na farko da za ki faɗa wa likita shi ne kin je Najeriya.

Ki gaishe mini da mahaifinki, ki ce masa ina jiran hoton takardun awon.