Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Texas: harbe-harben makarantu, bindiga da wasannin bidiyo

Ƙanena, saƙonka ya same ni. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a jihar Texas ta Amurka, biza ma ta fito, sai ga Hajiya ta kafe a kan ba za ta bar ɗanta ya tafi ƙasar da yaro ke shiga aji da bindiga a jaka ba. Ka ce kai ma abin ya fara yi maka yawo a rai, tunda kana da niyyar ɗauko iyali in ka zauna da gindinka. Ka tambaye ni me ke jawo wannan masifa, kuma ko gaskiya ne fina-finai da wasannin bidiyo ne suka lalata musu yara, kamar yadda ka ji ana faɗa a majalisarku.

Kada ka raina tsoron Hajiya. A jihar da za ka ɗin nan garin Uvalde yake. Ranar 24 ga Mayu 2022 wani matashi ya shiga firamaren Robb ya kashe yara 19 da malamai mata 2. Kwana takwas kafin nan ya cika shekara 18, kuma cikarsa ke da wuya ya je shago ya sayi bindigogi biyu samfurin AR-15, bai karya dokar kowa ba. Jami'an tsaro 376 suka taru a wurin, amma sai da aka shafe minti 77 kafin su kutsa ajin, alhali yara na ciki suna buga wa 'yan sanda waya a ɓoye suna roƙon a zo. Duk uwar da ta ga wannan a talabijin tana da hujjar riƙe ɗanta.

Sai dai ka gaya mata ɗaya gefen ma. Yaran firamare da sakandare a ƙasar nan sun haura miliyan 50, ɗaliban ƙasashen waje a jami'o'i kuma sun haura miliyan ɗaya, kusan dukkansu za su gama ba su taɓa jin ƙarar harbi a makaranta ba. A 2021 bindiga ta yi sanadin mutuwar mutum 48,830 a Amurka. Fiye da rabinsu su suka kashe kansu, sauran kuma galibi a gidaje da tituna abin ya faru. Na cikin makaranta ɗan kaso ne ƙalilan. Ni dai na fi jiye maka unguwar da za ka kama haya don arha, da tuƙin dare a babbar hanya, fiye da ajin da za ka zauna.

Abin da ke ɗaure wa mutumin gida kai shi ne wanda ke yin harbin. A Chibok da Ƙanƙara da Jangebe daga daji maharan suka fito, baƙi ne, kuɗin fansa ko aƙida ta kawo su. A nan kuwa yawanci ɗan makarantar ne ko tsohon ɗalibinta. Ya san ƙofofi, ya san lokacin da ake taruwa cin abinci, ba ya neman ko sisi, kuma sau da yawa bai yi shirin fita da rai ba. Hukumar Secret Service, wadda aka fi sani da tsaron shugaban ƙasa, ta fitar da rahoto a 2019 bayan ta bi diddigin hare-hare 41 da aka kai makarantu tsakanin 2008 da 2017. Ba ta sami wata siffa guda da za a ce da ita ake gane irin yaron ba. Ta sami dai cewa mafi yawansu 'yan ajinsu sun daɗe suna cin zalinsu, kusan dukkansu akwai rigima a gidajensu, mafi yawansu sun furta wa wani niyyarsu tun kafin ranar, kuma waɗanda suka yi amfani da bindiga galibi daga gidan iyaye ko na ɗan'uwa suka ɗauko ta. Ruwa ba ya tsami banza. Yaro ya daɗe yana nuna alama, manya suna kallo suna cewa ƙuruciya ce.

Bari in ba ka wanda ya faru a nan Michigan inda nake, domin duk abin da rahoton ya faɗa yana cikinsa. A ƙarshen Nuwamba 2021 wani uba a garin Oxford ya saya wa ɗansa mai shekara 15 ƙaramar bindiga a matsayin kyautar Kirsimeti. Bayan kwana uku wata malama ta ga yaron yana binciken harsasai a wayarsa, makaranta ta kira uwar. Saƙon da uwar ta tura wa ɗan nata shi ne ba ta yi fushi ba, amma ya koyi yadda ba za a riƙa kama shi ba. Washegari, 30 ga wata, aka ga ya zana bindiga da harsashi da mutum kwance cikin jini a takardar lissafi, ya rubuta cewa tunanin ya ƙi tsayawa, a taimake shi. Aka kira iyayen, aka ce su kai shi wurin masu ba da shawara cikin awa 48. Suka ce aiki na jiransu, ba za su tafi da shi gida ba. Ba wanda ya ambaci bindigar, ba wanda ya buɗe jakarsa, aka mai da shi aji. Bayan 'yan awanni ya kashe ɗalibai huɗu, ya jikkata mutum bakwai. Shi an yi masa ɗaurin rai da rai. A 2024 kotu ta sami uwar da uban da laifin kisa ba da gangan ba, aka yanke wa kowannensu shekara 10 zuwa 15, karo na farko da aka ɗaure iyaye a ƙasar nan kan harbin makaranta da ɗansu ya yi. Ka lura da wurare nawa aka sami damar tare abin a cikin kwana huɗu.

Yanzu batun gem da fina-finai. Wannan zargin ya samu gindin zama ne bayan harin sakandaren Columbine, a jihar Colorado, inda ranar 20 ga Afrilu 1999 ɗalibai biyu suka kashe 'yan makarantarsu 12 da malami ɗaya, sannan suka kashe kansu. Da aka gano suna son wani wasan harbi na kwamfuta mai suna Doom, sai aka ce an kama ɓarawo. Na san kunnenmu ya saba da irin wannan magana, tunda mu ma a gida duk lalacewar tarbiyya a kan 'yan fim ake jibge ta. Amma hujja ba ta goyi baya ba. Wanda ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, kwamitin da ya binciki rayuwarsa bai same shi da wasannin kisa ba. A 2011 Kotun Ƙoli ta soke dokar California da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, ta ce binciken da aka kawo mata bai tabbatar da cewa su ke sa yara ta'addi ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta yarda cewa wasannin na ɗan ƙara zafin kai, amma a 2020 ta fito ta ce babu isasshiyar hujjar danganta su da zubar da jini. Sannan ga Japan da Koriya ta Kudu, inda matasa ke kwana a gaban allo suna harbin juna a gem, amma ba ka jin an shiga aji da bindiga. Ni ban bar ɗana mai shekara tara ya buga wasan da ake fille kai ba, kuma ba zan bari ba, amma wannan maganar tarbiyya ce, ba ita ke bayyana Uvalde ba.

Inda na yarda kafafen watsa labarai na da hannu shi ne wajen ɗaukaka mai kisa. Da yawa daga waɗanda suka kai hari daga baya an tarar sun yi nazarin na Columbine suna neman zarce su. Shi ya sa iyayen waɗanda aka kashe ke roƙon a daina yawo da sunaye da hotunan maharan, kuma ka ga ni ma ban rubuta sunan ko ɗaya ba.

Wasu kuma na cewa taɓin hankali ne. Wani lokaci yana ciki: na Virginia Tech kotu ta taɓa yanke cewa haɗari ne ga kansa tun 2005, amma ba a shigar da sunansa cikin rajistar waɗanda aka hana saye ba, ya sayi bindigoginsa hankali kwance. Sai dai masu lalurar ƙwaƙwalwa suna ko'ina a duniya, haka yaran da ake cin zali, haka gidajen da aure ya mutu. Abin da Amurka ta fi kowa shi ne bindiga a kusa da hannu. Ƙiyasin da cibiyar Small Arms Survey ta fitar a 2018 ya ce akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula, wato sun fi mutanen yawa. Yaron da zuciya ta ɗebe shi a wata ƙasa zai kai naushi ko ya zaro wuƙa. A nan sai ya buɗe durowar babansa.

Za ka ce to me ya hana a karɓe? Gyara na biyu na kundin tsarin mulki, tun 1791, ya ba jama'a 'yancin riƙe makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta ce wannan haƙƙin kowane mutum ne a karan kansa. Kada kuma ka ɗauka masu bindiga mahaukata ne. Ina da maƙwabta da kowace 15 ga Nuwamba suke ɗaukar hutu su tafi farautar barewa, su dawo su aiko mana da nama, kuma bindigoginsu na kulle a akwatin ƙarfe. Mutumin ƙauyen da 'yan sanda ke ɗaukar rabin awa kafin su iso gidansa zai ce maka me ya sa za a hukunta shi kan laifin wani. Magana ce mai nauyi, kuma duk wanda ya fito daga inda 'yan bindiga ke addabar ƙauyuka ya san ta. Inda na rabu da su shi ne ƙin ko da ɗan gyara. A Disamba 2012 aka kashe yara 20 'yan shekara shida da bakwai da manya 6 a firamaren Sandy Hook. Bayan mako guda jagoran ƙungiyar masu bindiga ta NRA, Wayne LaPierre, ya fito ya ɗora laifi a kan wasannin bidiyo da fina-finai, ya ce ba abin da ke tare mugu mai bindiga sai nagari mai bindiga. A Afrilu 2013 ƙudurin faɗaɗa binciken masu saye ya samu ƙuri'a 54 a majalisar dattawa, ana buƙatar 60, ya mutu. A Uvalde kuwa nagartattu masu bindiga 376 ne a tsaye. Birtaniya, bayan kashe yara 16 da malamarsu a Dunblane a 1996, ta haramta ƙananan bindigogi cikin ƙasa da shekara biyu. A nan galibi jihohi ne ke ɗan motsawa: Florida ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 bayan an kashe mutum 17 a wata sakandare a garin Parkland a 2018, Michigan ta wajabta kulle bindiga a gidan da akwai yara tun Fabrairu 2024. Texas ta nufi ɗaya ɓangaren: tun Agusta 2016 mai lasisi na iya shiga jami'ar gwamnati da ƙaramar bindiga a ɓoye. Gara ka sani tun daga gida.

In ka iso, doka ta tilasta wa kusan kowace jami'a buga rahoton laifukan da aka aikata a harabarta duk shekara. Ka nemi na taku a intanet tun yanzu, ka karanta wa Hajiya. Ka sa lambarka a tsarin saƙon gaggawa na makaranta. Ka sani cewa mai bizar ɗalibi dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, in ban da 'yan keɓance-keɓance irin na mai lasisin farauta, don haka in abokai suka ce a je filin koyon harbi a ɗau hoto, ka ce kana da karatu. In ka ji wani yana furta zai yi ɓarna, ko da wasa ne, ka kai rahoto. A nan ba a ɗaukar hakan a matsayin gulma. Kuma ka ajiye al'adarmu ta kutsa kai gidan mutum da sallama. A 1992 an harbe wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16 a Baton Rouge saboda ya yi ɓatan kai ya je gidan da ba shi aka gayyace shi ba, kotu ta wanke mai gidan daga tuhumar kisa. A 2023 an harbi wani yaro baƙar fata a Kansas City a ka don ya danna ƙararrawar gidan da ba shi ba, yana neman ƙannensa. Allah ya yi da sauran kwana. Ka tabbatar da lambar gida kafin ka fito daga mota.

In iyali suka zo, yaranku za su riƙa yin atisaye a makaranta. Tawa 'yar ta kwatanta mini: malama ta kulle ƙofa, ta kashe fitila, su tattaru a kusurwar da ba a hango su ta gilashin ƙofa, a yi tsit har sai shugaban makaranta ya zo da makulli ya buɗe. Ta ce in wani ya yi tari sai sauran su harare shi. Likitan yara ma zai iya tambayarka ko akwai bindiga a gida, kada ka ɗauka zargi ne. Kai ma ka koyi yin tambayar: kafin ɗanka ya je wasa gidan abokinsa, ka tambayi iyayen ko suna da bindiga, in akwai ko a kulle take, harsasai daban. Da farko za ka ji nauyin baki. Yawancinsu ba sa jin haushi, wasu ma su ke fara faɗa. Wanda ya ɓata rai kuwa, sai yaransa su zo naka gidan a yi wasan.