An tsare ƙanin mijina saboda bashin yayansa, shin doka ta yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni matar aure ce a Rigasa. Maigidana ya karɓi atamfofi bashi a hannun wani ɗan kasuwa, ciniki ya tsaya, bai samu ya biya ba. Mai kayan ya kai ƙara caji ofis. Da 'yan sanda suka zo ba su tarar da shi ba, sai suka tafi da ƙaninsa, yaro ɗan makaranta da ke zaune a wurinmu. Yau kwanansa huɗu. Sun ce ba za su sake shi ba sai yayansa ya fito, kuma sai mun kawo kuɗin beli. Suna da ikon yin haka?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya kawo mafita. Ba su da wannan ikon, kuma ba wuri ɗaya aka taka doka ba a cikin abin da kika faɗa.

Ikon da ɗan sanda yake da shi ba gadon gidansu ba ne. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ne ya ba shi, kamar yadda ya ba majalisa ikon yin doka a sashe na 4, ya ba ɓangaren zartarwa ikon aiwatarwa a sashe na 5, ya ba kotuna ikon shari'a a sashe na 6. Sashe na 1 kuma ya ce kundin yana saman kowa, hukuma da talaka, duk dokar da ta ci karo da shi ba ta da tasiri. Kundin da ya ba da ikon kama mutum shi ne ya shata masa iyaka a babi na huɗu, daga sashe na 33 zuwa na 46, inda aka jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kama yaron a madadin yayansa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, a sashe na 36, ta hana kama wani a maimakon wanda ake zargi, haka ma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta tarayya ta 2015 a sashe na 7. Mu ma a Kaduna muna da tamu dokar ta jiha irin wannan tun 2017. Laifi na mai shi ne. Yaron da bai ci nanin ba, bai kamata nanin ta ci shi ba. Na sha ganin uwa ko mata zaune a benci bayan kanta, da ɗan goyo a baya, ana jiran wanda ya gudu ya ji tausayi ya dawo. Wannan garkuwa da mutum ne, ko da wanda ya yi yana sanye da kaki.

Sai batun bashin kansa. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sandan ya ce ba a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Caji ofis ba wurin karɓar bashi ba ne, wannan aikin kotu ne, ta majistare ko ta shari'ar Musulunci. Amma ki lura, idan mai kayan ya yi zargin zamba ko cin amana, 'yan sanda na iya bincike. Ko a nan ɗin ma maigidanki za su nema, ba ƙaninsa ba.

Kwana huɗun nan kuwa, sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya yi bayani filla-filla. Wanda aka kama, dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'a 24, da harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har sai ya ga lauyansa ko wanda ya zaɓa. Dole kuma a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ke da hurumi tsakanin kilomita 40, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne kaɗai aka cire daga wannan ƙa'ida. Tsakanin Rigasa da kotunan cikin garin Kaduna ai ko kusa babu kilomita 40. Beli kuma a hannun 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suke rubuta haka a bango. In an ce miki mace ba ta tsayawa beli, sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsinsa.

Ga shawarata. Gobe da sassafe ki je tare da wani dattijo na dangin mijinki, ku nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, da kansa, kada ku tsaya kan mai binciken. Ku yi magana cikin ladabi, ku tambaya wane laifi aka rubuta wa yaron. Ki riƙe ranar da aka kama shi, da lokacin, da sunayen maƙwabtan da suka gani. In an dake shi, ku kai shi asibiti da zarar ya fito, a ba ku takarda, domin sashe na 34 da Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 sun haramta hakan.

In suka ƙi, sashe na 46 ya ba ku damar zuwa Babbar Kotun Jiha kai tsaye, kuma ƙa'idojin 2009 na irin wannan ƙara sun yarda wani ya shigar a madadin wanda ke tsare. Kotu na iya ba da umarnin a sake shi, sashe na 35(6) kuma ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba. In babu kuɗin lauya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da hukumar tarayya mai ba marasa hali lauya kyauta duk suna da ofis a Kaduna.

Shi kuma maigidan, ki gaya masa ya daina ɓuya, bashi hanji ne, kuma mai kayan nan yana da haƙƙinsa. Ya fito tare da lauya, a zauna da shugabannin kasuwa a rubuta yadda zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.