Ga mai tambaya kan yaron da ke haɗa ƙwallo da gudu

Salam. Malam, na ga tambayarka cewa ɗanka mai shekara 14 yana buga ƙwallo kuma yana gudu da dogon tsalle a makaranta, koci ya ce dole ya zaɓi ɗaya, kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa haɗa su ya kai wani matsayi. Akwai, kuma ni dai shawarata kar ka bari a matsa masa yanzu.

Na daɗe ina malamin wasanni a sakandare, kuma abin da idona ya gani shi ne yaran da ke dogon tsalle su ne suka fi iya lamba bakwai a ƙwallo, saboda tashin farko ɗin nan na taku goma da ƙarfin cinya duk a ramin yashi suke samo shi, in ka cire yaro daga can ka ce sai ƙwallo kawai wallahi sau da yawa gudun ne ke raguwa, ga shi ya fara kukan gwiwa tun bai kai ko'ina ba.

Mutumin da nake ba ɗalibaina labarinsa shi ne Kevin O'Flanagan, ɗan Dublin a ƙasar Ailan, an haife shi 1919. Yana yaro ƙwallon Gaelik yake bugawa, wato tasu ta gargajiya, to hukumar wasan GAA a lokacin tana da dokar da ta haramta wa 'yan wasanta taɓa ƙwallon ƙafa ko zari-ruga wai wasannin Ingila ne, sai a 1971 aka soke ta. Ka ga shi ma an ce masa ya zaɓa kenan. Ya koma kulob ɗin ƙwallon ƙafa na Bohemians, waɗanda ba sa biyan ɗan wasa ko sisi a zamanin, yana shekara 18 aka kira shi tawagar ƙasa, a 1937 ya buga da Nowe a wasan neman gurbin kofin duniya a filin Dalymount Park, aka tashi 3-3, ɗaya daga cikin ƙwallayen shi ya ci. Duk wannan fa yana karatun likita a University College Dublin, kuma yana cin gasar ƙasa a dogon tsalle da gudun yadi 60. Abin da ke min ciwo a tarihinsa shi ne lokacin da yake kan ganiyarsa yaƙin duniya na biyu ya sa aka soke Olamfik na 1940 da 1944.

Da ya gama karatu a 1945 ya tafi Landan aikin likita, Arsenal ta ɗauke shi amma ya ƙi zama ɗan albashi, a kakar 1946-47 ya buga musu wasa 14 na lig ya ci ƙwallo 3, wani satin yana Highbury, filin Arsenal a lokacin, wani satin yana zari-ruga da London Irish, ranar Litinin kuma yana duba marasa lafiya. A 1947 ya buga wa Ailan zari-ruga da Ostireliya. Ƙaninsa Mick ma haka, ya wakilci ƙasar a wasannin biyu, har sun buga ƙwallon ƙafa tare da juna a 1946 ranar da Ingila ta ci su 1-0. Ciwon idon sawu ne ya tsayar da Kevin, amma da yake yana da sana'a a hannu sai ya zama likitan tawagar Ailan a Olamfik, a 1976 ya shiga kwamitin Olamfik na duniya. Ya rasu 2006.

Gaskiya dai zamani ya canja, yau babu babban kulob a Turai da zai bar ɗan wasansa ya je wani wasan ƙarshen mako, don haka ranar zaɓi za ta zo wa ɗanka, sai dai ba a shekara 14 ba. Ka je ka samu kocin da kanka ku yi magana cikin mutunci, ku raba ranakun atisaye, ya samu aƙalla kwana ɗaya na hutu a sati, lokacin jarrabawa kuma a rage komai. In ya kai 17 ko 18 jikinsa da kansa zai nuna muku inda ya fi ƙarfi. Allah ya raya mana shi, ya yi masa albarka.