Mota mai gudu, ko wadda kayan gyaranta ke kusa?

Wani ɗan kasuwa mai fataucin kayan gwari daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ya aiko da tambaya. Ya tara kuɗin sayen babbar motarsa ta farko, an kuma nuna masa guda biyu. Ɗaya sabuwar shigowa ce mai ƙarfin inji, dillali ya ce za ta rage masa awanni a hanya, sai dai kayan gyaranta sai an yi oda. Ɗayar ta hannu ce, irin wadda ta cika tasha. Yana kuma son ɗaukar direba ɗaya tak don rage kashe kuɗi.

Alhaji, Allah Ya sanya albarka a cikin abin da ka tara. Shawarata ita ce ka ɗauki ta biyun, muddin bakaniken da ka yarda da shi ya duba ta ciki da waje, kuma ka sa direba biyu. Wannan tambayar taka manyan kamfanonin mota sun shafe shekara ɗari suna zuba dukiya a kanta, a wani gari na Faransa da ake kira Le Mans.

A 1923 aka fara tseren motoci na awa 24 a can. Tun farko manufarsa ita ce a gwada juriyar mota: inji, birki, taya da fitila, dare da rana ba tsayawa. Wanda ya fi cin nisa kafin lokaci ya cika shi ne gwani. Motar da ta ci na farko, ƙirar Chenard & Walcker, ta yi kilomita 2,209. A 2010 motar Audi ta yi kilomita 5,410, wato fiye da ninki biyar na tafiyarka daga Kano zuwa Legas, a cikin yini da kwana ɗaya.

Fara da batun gudu, tunda da shi dillali ya ja hankalinka. A 1988 wata ƙaramar ƙungiya mai suna WM ta zo da mota mai injin Peugeot, burinta kawai ta kafa tarihin gudu. Har toshe wasu kafofin shan iskar motar aka yi don ta ƙara sauri. Ta kai kilomita 405 a awa a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne, amma ba ta ga ƙarshen tseren ba. Jaguar ce ta tafi da kofi. Shi ma kamfanin Ford, da duk kuɗinsa, a 1964 da 1965 ko ɗaya daga cikin motocinsa ƙirar GT40 ba ta kai ƙarshe ba. Sai da suka gyara matsalar juriya suka ci sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969.

Inda nake so ka tsaya ka yi nazari sosai shi ne abin da Audi ta yi da motarta R8 daga shekarar 2000. Injiniyoyinta sun yarda cewa komai kyan mota, wani abu zai lalace a cikin awa 24. Sai suka ƙera ta yadda za a cire gaba ɗaya ɓangaren baya, da giyabos da abin da ke haɗe da shi, a sa sabo cikin kamar minti biyar. Aikin da kan kwantar da motar wasu na tsawon awanni, ko ya fitar da ita daga gasa. Abin ya yi tasiri har masu shirya tseren suka canja doka suka hana. R8 ta ci sau biyar.

To kai ma lissafinka ke nan. Tumatir ba ya jiran oda. In motarka ta tsaya a hanyar Mokwa da lodi cike a cikin rana, abin da zai cece ka shi ne bakaniken bakin titi ya san injin, kuma a sami kayan a shago mafi kusa. Kafin ka biya ko sisi, rubuta abubuwan da suka fi lalacewa: kulochi, famfon mai, birki, lagireto. Shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da takardar, ka tambayi kuɗin kowanne na motocin biyu, da kwana nawa za a yi kafin ya zo hannunka. Sannan ka auna kwanakin da kuɗin kwandunan da ke bayan motar.

Kada kuma ka raina ƙaramin abu. A 2016 Toyota na kan gaba, saura kamar minti uku a tashi, motar ta rasa ƙarfi ta tsaya a gaban 'yan kallo, Porsche ta wuce. Mahaɗin wani bututun iska ne ya lalace. Don haka kada ka zuba duk kuɗinka a saye. Ni ina ganin ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin biyar don sabis, taya da gyaran gaggawa, ka ajiye shi daban da kuɗin sarin kaya.

Batun direba ɗaya kuwa, ban goyi bayansa ba ko kaɗan. A 1952 Pierre Levegh ya tuƙa motarsa Talbot shi kaɗai kusan awa 23, yana kan gaba, sai injin ya lalace saura kamar awa ɗaya, Mercedes ta ci. Yau kowace mota direba uku ke karɓa-karɓa a kanta, kuma doka ta hana mutum ɗaya wuce awa 14 gaba ɗaya, ko awa 4 a cikin kowace 6. Waɗannan ƙwararru ne da likitoci ke kula da su. Naka direban zai bi ramuka da dare, ga gyangyaɗi, ga rayukan mutane a kan titi. Albashin direba na biyu ka sa shi cikin kuɗin kowace tafiya tun yanzu, kamar yadda kake sa kuɗin mai. In lissafin bai fitar da riba da shi a ciki ba, ci gaba da hayar mota wannan kakar, ka ƙara tari tukuna.