Amsoshin Tambayoyinku: Dashen Haƙori Da Masu Arahar Da Ke Jawo Nadama

Tambaya: Haƙorina na gaba ya fita a haɗarin adaidaita sahu, yanzu ko dariya ba na iya yi cikin mutane sai na rufe baki da mayafi. An ba ni shawarar dashe, amma tsoron huda ƙashi ya hana ni barci. Zan iya jurewa? Daga wata matar aure a Zariya.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye na gaba, kuma ki kwantar da hankalinki. Ana yin aikin ne bayan an yi allurar kashe zafi a dasashi, kuma yawancin waɗanda aka yi wa sukan ce bai fi cire haƙori wahala ba, sai kumburi da ɗan ciwo na 'yan kwanaki. Likita zai kafa wata 'yar ƙusa mai murɗi ta ƙarfen taitaniyam a cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta kamar wata 3 zuwa 6 har ƙashin ya kama ta gam, sannan a ɗaura haƙorin a kanta. Aikin ba sabo ba ne, domin tun a 1965 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya fara yi wa mutum irin wannan dashe. Abin da zan ja hankalinki a kai shi ne jinkiri, saboda ƙashin da ya rasa haƙori yakan riƙa zaizayewa, musamman a shekarar farko, kuma idan ya yi siriri sai an yi ƙarin ƙashi, wanda ke ƙara kuɗi da lokaci. Kafin lokacin, likita zai iya sa miki haƙorin roba na wucin gadi don ki samu sakewa cikin jama'a.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon suga kuma turamensa biyu sun fita. Ina so in biya a yi masa dashe. Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi.

Amsa: Allah ya yi maka albarka da wannan niyya. Ciwon suga ba ya hana dashe idan an shawo kansa, amma idan sugan yana hawa yana sauka rauni ba ya warkewa da wuri kuma ƙwayoyin cuta kan samu hanya. A fara da likitan da ke duba sugansa. Idan Baba yana shan taba, sai ya bari, domin tana cikin manyan abubuwan da ke sa dashe ya lalace. Ku kuma faɗa wa likitan haƙori duk magungunan da yake sha, musamman na tsinka jini da na ƙarfafa ƙashi.

Tambaya: Na ga talla a Facebook, wani wuri yana yin dashe a kan rabin kuɗin da aka faɗa mini a asibiti, kuma a yini ɗaya. In je? Daga wani ma'aikaci a Kano.

Amsa: Kada ka je sai ka samu amsar wasu tambayoyi, kuma zan tsawaita a nan domin wannan matsala ce da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowa ya san kayan dashe daga waje ake shigo da su, da dala ake saye, kuma kowa ya san inda dala ta kai. Mai cewa zai yi maka a rabin kuɗi dole ya rage wani abu, ko ingancin ƙusar, ko hoton ƙashi, ko tsabtace kayan aiki, ko kuma shi kansa ba likita ba ne. Akwai masu haɗa haƙora da aikinsu na ɗakin ƙira ne, aiki mai daraja a muhallinsa, amma ba su da izinin huda ƙashin mutum. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitocin haƙori rajista, kuma haƙƙinka ne ka nemi ganin lasisin wanda zai taɓa bakinka. Wanda ya fusata don ka tambaya, ka ɗauki hularka ka fita.

Hoton ƙashi ba almubazzaranci ba ne. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da idan ƙusa ta taɓa ta leɓe da haɓa za su iya mutuwa na tsawon watanni, wani lokacin har abada, a sama kuma akwai kogon hanci kusa da turame. Wanda ya dube ka da ido kawai ya ce a fara aiki, caca yake yi da fuskarka. Sai kuma batun ƙusar kanta. Kamfanoni sanannu irin su Straumann da Nobel Biocare da Osstem kowanne yana da irin ƙirarsa, kuma kamar kayan gyaran mota ne, na Toyota ba ya shiga Fijo. Idan aka sa maka ƙusar da ba ta da suna, ranar da haƙorin da aka ɗaura a kanta ya karye bayan shekaru zai yi wa likita wuya ya sami abin da zai dace da ita, wani lokacin sai dai a yi tiyata a tono ta. Saboda haka ka nemi a rubuta maka sunan kamfani da girma da lambar ƙusar, ka adana takardar tare da muhimman takardunka. Ka kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haƙorin da za a ɗaura, domin da yawa kuɗin ƙusa kawai suke tallatawa, sauran kuma sai an kama ka a tsakiyar aiki.

Wannan gargaɗi ya shafi masu tafiya Masar ko Turkiyya ko Dubai su dawo cikin mako guda. Akwai ƙwararru a can, amma dashe yana buƙatar komawa dubawa, kuma idan dasashi ya fara ruwa bayan wata biyu tikitin jirgi zai cinye duk abin da aka yi zaton an rage. Idan kuɗinka bai kai ba, ka je sashen haƙori na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ka tambayi batun haƙorin roba mai cirewa ko wanda ake jingina wa haƙoran gefe. Suna da nasu naƙasu, amma sun fi dashen bogi aminci nesa ba kusa ba.

Tambaya: Idan an yi mini dashe, shi ke nan na huta da goge baki tunda ƙarfe ba ya ruɓewa? Daga wani ɗalibi a Katsina.

Amsa: Wannan tambaya ba ta kamata ta fito daga bakin ɗalibi ba. Ƙarfe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa da cuta idan datti ya taru, har ƙusar ta fara girgiɗa. Buroshi sau biyu a rana, asuwaki, tsabtace tsakanin haƙora da zuwa dubawa duk suna nan daram. Idan kuma shekarunka ba su kai 18 ba, likita mai tsoron Allah zai ce ka jira muƙamuƙinka ya gama girma tukuna.