Zuwa hutu birni da ɗan shekara 3

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni da maigida muna son zuwa wani babban birni hutun kwana 4, amma yaronmu shekararsa 3 ga rigima, ya zan tsara tafiyar nan?

Amsa: Ƙanwata gajiya kam sai kin yi, sai dai a rage. Ku ɗau wuri ɗaya kawai a rana, gidan zu ko wajen wasan yara, ku fita da sassafe ku dawo masauki kafin rana ta take, don yaro mai shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 har da na rana, in ya rasa shi wallahi ku za ku ji a jikinku. Shi ya sa na fi son otal a tsakiyar gari ko da ɗakin ƙarami ne.

Jaka kuma kar ki cika ta, ruwa, kayan canji, maganin zazzaɓi na yara da abin wasan da ya saba da shi sun isa. Ki rubuta lambar wayarki ki sa masa a aljihu, kuma kullum da safe ki ɗauke shi hoto da kayan jikinsa saboda cunkoso.